Tirelar Don Ubaldo

A Villa Ermelinda kowa gwani ne a kan mota. Mahauci gwani ne, mai sayar da taki gwani ne, har fada in ya gama addu'ar Lahadi sai ya tare ka a ƙofar coci ya faɗa maka dalilin da ya sa motar garin ta zo ta shida. Mota ɗaya garin yake da ita a tseren yanki, 'yar ƙarama shuɗiya mai lamba arba'in da bakwai, kuma duk wanda ya taɓa sayen tikitin cin naman da ƙungiyar magoya baya take gasawa don a sayi tayoyi, gani yake yana da ƙofa ɗaya a jikinta. Cikin mutum dubu uku, mutum guda ne bai taɓa buɗe baki ya faɗi yadda ya kamata a tuƙa ta ba. Shi ne Ubaldo Tessio, mai kai ta fili.

Sana'arsa gyaran injinan iska masu jawo ruwa a gonakin shanu. Daga Litinin zuwa Juma'a yana can saman hasumiyar ƙarfe da sifana a aljihun baya, yana zagin wanda ya bar injin shekara uku babu giris. Ranar Lahadin tsere kuma sai ya ɗaura tirela a bayan tsohuwar a-kori-kurarsa, ya ja motar garin zuwa duk inda za a yi. Shekara talatin da ɗaya ke nan, ba a biyansa komai, shi ma bai taɓa tambaya ba. Da abokinsa na firamare, Remo Morandi, ya fara. Remo yana tuƙi, Ubaldo yana ja. Da Remo ya rasu, a kan gadonsa kamar kowa, 'yarsa Griselda ta karɓi sitiyari, Ubaldo ya ci gaba da ja. Kawu take ce masa, ko da yake babu jinin da ya haɗa su.

In ka shiga garejin ƙungiya za ka ga hotuna sun cika bango: kofuna, furanni, ƙarti suna rungumar juna. Ubaldo ya fito a guda biyu. A ɗayan ma gwiwar hannunsa ce kawai, don lokacin da ake ɗauka ya sunkuya yana duba igiyar ɗauri. Wannan bai taɓa damunsa ba. Abin alfaharinsa ɗaya ne, cewa a hannunsa motar ba ta taɓa makara ba, ba ta taɓa isa fili da ƙwarzane ba. Abin da zai same ta bayan an ɗaga tuta, wannan kuma ruwan direba ne.

Tsohuwar tirelar shi da Remo suka haɗa ta daga ƙarafan wani mataccen injin shuka. A watan Agusta, cikin sanyi, ta tsage gida biyu a tsakar gareji, Allah ya so babu mota a kai. Mai walda ya zo ya zagaye ta, ya ƙwanƙwasa nan da can da guduma, ya ce shi dai ƙarfe ya iya liƙawa, bai koyi liƙa tsatsa ba. Dole a sayi wata. Daga nan Ubaldo ya daina samun barci mai daɗi, don ya san garinsu. Abin da mutum ɗaya zai gama a wuni guda, in ya faɗa hannun ƙungiya sai ya ci wata.

Ranar Alhamis da la'asar aka zauna, ƙoƙon mate, shayin ganyen da ake zuƙa da bututu, yana zagawa hannu zuwa hannu. Wanda ya fara magana Don Egidio Barale ne, mai shagon iri da takin zamani, wanda sunansa ne a rubuce a kan murfin injin motar. Ya zaro hoto a waya ya miƙa.

"Ku duba nan. Rufaffiya ce ruf, ɗaki guda a kan tayoyi. Ruwa ba ya taɓa mota, ƙura ba ta taɓa ta. Mu ma mu shiga fili kamar mutane, ba kamar masu kai kaji kasuwa ba."

"Ga bango har biyu," in ji Ubaldo. "Sunanka zai sha iska."

"To laifi ne? Kai sunanka ka taɓa sayen taya ko ɗaya?"

Aka yi dariya. Ubaldo bai yi ba, don ya riga ya hango inda maganar ta nufa. Rufaffiyar tirela ta kusa ninka buɗaɗɗiya nauyi. A-kori-kurarsa, wadda ta girmi Griselda, ba za ta iya jan ta ba ko da a gangare. Mota ɗaya ce a ƙungiyar za ta iya, sabuwar Don Egidio, kuma Don Egidio yana da direban shago. Duk wanda yake zaune a wurin ya san zaɓen tirela zaɓen mai ja ne, amma babu wanda ya furta. Sai kallon ƙasa ake ana zuƙar mate. Wannan shirun ya fi maganar yi masa ciwo.

Sai Fulvio mahauci, wanda kowa yake kira Ƙato, ya gyara zama, kujera ta yi ƙara.

"Ni fa surukina yana da wata, kusan kyauta zai ba mu. Ta shanu ce, amma in aka yanke kejin..."

"Tsayinta daga ƙasa?" in ji Ubaldo.

"Ya kai nan." Ƙato ya nuna ƙugunsa.

"To sai ka koya wa motar tsalle. Ƙato, yatsa huɗu ne tsakanin hancin motar nan da ƙasa. Yatsa huɗu! Nawa, ba naka ba."

"Shi ke nan, Don Ubaldo, ba faɗa ba ne. Ni tambayata ɗaya ce, kowace aka saya, a ina za a sa ragar gashi?"

Ubaldo ya rufe ido. Ana maganar abin da zai ɗauki mota a kan titi da gudu, shi wannan bawan Allah nama yake tunani. Amma a gaskiya ba Ƙato kaɗai ba ne. A wajenmu zuwa tsere babu ragar gashi daidai yake da ba a je ba. Tun kafin injin farko ya tashi hayaƙi ya riga ya tashi a bayan shingen waya, kuma akwai waɗanda suka shekara ashirin suna zuwa fili ba su taɓa juyowa sun kalli mota ba. Ragar Ƙato kuwa ba ta wasa ba ce. Ƙarfen dogo aka yanka aka yi mata ƙafafu, mutum uku ne suke ɗaga ta, kuma ya gaji da yadda take ɓata masa motar nama da toka.

"A inda take zama kullum," in ji Ubaldo. "A motarka."

Asabar da safe suka tafi garin da ake ƙera tireloli, su huɗu: shi, Griselda, Don Egidio da Ƙato. Don Egidio ya tafi da hotonsa, Ubaldo ya tafi da wani dogon katako da ya auna a ƙasan motar, ya yi masa alamomi da fensir. A gaban kowace tirela sai ya durƙusa da ƙyar, ya jingina katakon a inda mota take hawa, ya kanne ido ɗaya. Mai wurin ya fara yi masa bayanin fenti da fitilu, Ubaldo ya tambaye shi kaurin ƙarfen ƙasa, da ko akwai birki a ƙafafun, da inda tsakiyar nauyi take. Mutumin ya dubi Don Egidio, alamar wannan tsohon da ku yake?

Rufaffiyar tana da kyau, babu mai musu. Griselda ta shiga ciki ta tsaya tana shafa bango, Ubaldo ya ga a idonta tana son ta. Amma katakon ba ya ƙarya. Ƙofar bayan da take saukowa ta zama matakala ta yi tsaye da yawa, hancin motar zai daki ƙarfe tun kafin taya ta taɓa.

"A sa katakai a ƙasa mana," in ji Don Egidio.

"A cikin taɓo? Ana ruwa? Da mutum goma suna turawa kowa yana ba da umarni?"

"Ubaldo, mu daina wasa da hankalin juna. Ba don hancin mota kake wannan ba. Don tsohuwar akwalarka kake yi."

Abin da ya fi ƙona wa Ubaldo rai shi ne maganar rabinta gaskiya ce. Ya miƙe a hankali, hannu a ƙugu, ya nuna wata a can ƙarshen layi, buɗaɗɗiya, mai ƙafa huɗu, ƙasa-ƙasa, wadda gadonta yake sunkuyowa har ya taɓa ƙasa in an zare ƙusa ɗaya. Babu fenti mai ƙyalli, babu bango.

"Ga wadda ta dace da motar. Ta kuma dace da akwalata, ban musa ba. Ka nuna min inda na yi ƙarya a ɗayan biyun."

Griselda ce ta raba. Ta ce motar ita take shiga, ita za ta yanke. A ɗauki buɗaɗɗiyar a gwada Lahadi ɗaya, tunda mai wurin ya yarda a canja in ba a gamsu ba.

"Lahadi ɗaya," in ji Don Egidio yana ɗaga yatsa. "In ta yi ko tari, mu dawo da ita mu ɗauki tawa. Ni zan biyo ku a baya in gani da idona."

Duk wannan lokaci Ƙato yana bayan tirelar yana taka ƙasa yana ƙirga taku. Ya ga in mota ta hau, wajen taku ɗaya da rabi yana raguwa a wutsiya. Ya yi murmushi.

Ranar jajibirin tsere Ubaldo ya ɗora motar da kansa. Ya matsar da ita gaba, ya dawo da ita baya, sai da ya sami wurin da nauyin ya ɗan rinjaya zuwa hancin tirela yadda ake so, ya yi alama da alli, ya ɗaure ƙafafu huɗu. Yana miƙewa daga na ƙarshe bayansa ya riƙe. Ba sabon abu ba ne ga wanda ya ƙare rayuwarsa a kan hasumiya, amma wannan karon sai da ya dafa tayar ya jira numfashi ya dawo. Ya lallaɓa gida, matarsa Doña Nilda ta shafa masa man zafi tana faɗa, shi kuma ya ce mata kada ta kuskura ta gaya wa kowa.

Bayan tafiyarsa Ƙato ya iso da mai walda da wasu 'yan ƙungiya biyar. Ba mugunta suka nufa ba, wannan shi ne abin haushin. Kyauta suke ganin za su yi wa tafiyar. Suka liƙa ragar gashi a wutsiyar tirela, suka jera itacen gashi a ƙarƙashinta har ya cika, suka ɗora akwatin ƙanƙara mai ɗauke da haƙarƙarin bijimi guda da tsiran alade, suka lulluɓe duka da babban ƙyallen tallar Don Egidio don kada raɓa ta taɓa itacen. Suka tsaya suna yaba aikinsu. Manoma ne, sun saba da keken hatsi mai ƙafa a kowace kusurwa, wanda duk inda ka zuba kaya daidai ne.

Lahadi da hantsi bai yi ba aka taru. Ubaldo ya matso da a-kori-kura baya-baya, ya so ya fito, bayansa ya ce a'a. Don Egidio yana tsaye yana kallo. In ya ga Ubaldo yana fitowa a duƙe kamar tsohuwa, an gama magana. Sai ya yi zamansa a kujera ya leƙo ta taga ya ce a ɗaura. A al'adarsa, kafin a ɗaura, yakan kama hancin tirela da hannu biyu ya ɗan ɗaga, ya ji nauyin a kafaɗarsa. Ranar bai yi ba. Ya hango ƙunshin nan a wutsiya ta tagar baya.

"Ƙato, mene ne wancan?"

"Rumfa ce da kujeru, Don Ubaldo. Ba nauyi."

Ya san ya kamata ya sauka ya duba. Ya ja giya ya tashi.

Ƙarfe goma masu duba motoci suke rufe ƙofa, tafiyar kuma kilomita ɗari da arba'in ce. Griselda tana gefensa tana zuba mate, Don Egidio da Ƙato suna biye a sabuwar mota. A cikin gari komai lafiya. Da suka hau babban titi, alkama kore shar hagu da dama, ya ƙara wuta kaɗan. Sai ya ji wani abu a kujerarsa, kamar an ja bayan motar gefe an saki. Aka sake ja zuwa ɗaya gefen. Wata babbar motar hatsi ta wuce su da iska, tirelar kuwa ta fara kaɗa wutsiya da gaske, hagu, dama, kowane kaɗi ya fi na baya faɗi. Ruwan zafi ya zube a cinyar Griselda.

"Kawu!"

"Yi shiru."

Ƙafarsa ta tafi kan birki da kanta, abin da ya shekara talatin yana hana mutane. Ya taɓa, tirelar ta yi wani irin fizga har tayoyi suka yi kuka, sannan hankalinsa ya dawo. Ya ɗage ƙafar gaba ɗaya, ya riƙe sitiyari cak, ya bar gudun ya mutu da kansa. Kaɗin ya ragu, ya ragu, suka gangara kan ciyawa suka tsaya. Motar garin tana nan a ɗaure, ko gezau.

Don Egidio ya fito fuska babu jini, amma baki bai mutu ba.

"Na faɗa! Na faɗa muku! Wannan ai tarkon mutuwa ce, ba tirela ba. Gobe gobe za a mayar da ita."

Ubaldo ya fito. Yadda ya fito, a karkace, yana dafa ƙofa, babu wanda ya lura, don kowa ya ga fuskarsa. Ya je wutsiya ya fizge ƙyallen. Ga raga, ga itace, ga akwatin nama.

"Rumfa," in ji shi. "Da kujeru."

"Don Ubaldo, ai wurin a banza yake zaune..."

"A banza? Kai ma cikinka akwai wurin da yake zaune a banza? Zo nan. Zo mana, Ƙato! Don Egidio, kai ma matso, tunda da idonka ka zo gani."

Ya sa aka zare ƙugiya. Ana zarewa, maimakon hancin tirela ya faɗi ƙasa, sai ya yi sama da kansa, wutsiya ta dangana da ciyawa. Don Egidio ya dubi wannan, ya dubi Ƙato.

"In nauyi ya koma baya, tirela ce take tuƙa mota," in ji Ubaldo. "Ko taka rufaffiyar ce haka za ta yi, sai dai ita ba za mu ga abin da suka cusa a ciki ba sai a asibiti. Ku ba ni guduma."

Allah ya taimaka waldar ta gaggawa ce, bugu shida ragar ta faɗo. Itace da nama da raga mai toka duk aka loda su a bayan sabuwar motar Don Egidio, wadda ko buhun taki bai taɓa yarda a sa mata ba. Yana tsaye yana kallo ana goge masa fenti. Goma saura minti bakwai suka shiga ƙofar fili. Aka zare ƙusa, gadon tirela ya sunkuya, motar ta gangaro sumul, hancinta bai taɓa komai ba.

Griselda ta zo ta huɗu. Da rana, a bakin ragar da aka kafa a ƙasa inda Allah ya nufe ta da zama, Don Egidio ya ɗaga kofi ya ce shi mutum ne mai karɓar gaskiya, tirela ta zauna, Ubaldo ya zauna, amma a nemo inda za a liƙa sunansa ko a kan murfin taya ne. Aka tafa. Ƙato ya yanko wurin da ya fi laushi ya kawo wa Ubaldo da hannunsa, yana cewa a yafe, amma fa in aka matsar da ragar gaba kusa da hanci, yana ganin...

"Ƙato, tashi daga gabana."

Ubaldo ya ci nasara, naman kuma ya ƙi wucewa. Kowa ya ɗora laifin a kan mahauci, kuma mahauci ya cancanta. Amma Ubaldo ya san abin da ya sani. Da yamma, bayan an ɗora mota an ɗaure, mutane sun watse neman motocinsu, ya tsaya a gefen a-kori-kura ya kira Griselda.

"Ban ɗaga hancinta ba da safe. Bayana ne ya riƙe, na ji kunyar Egidio, na zauna. Na ga ƙunshin, ban sauka ba. Kuma na taka birki."

"Na gani, Kawu."

"Da ke da motar babanki na kusa zubarwa a rami don kada a ga ina ɗingishi."

"Ai ka tsayar da ita."

"Na tsayar. Wata ran ba zan tsayar ba." Ya zaro makulli daga aljihu. "Ban yarda a cire ni saboda allon tallar taki ba, kuma ba a cire ni ba. Yanzu ni na ce ya isa. Tirelar daidai take, akwalar nan ma za ta ja ta shekara goma. Mai jan ne ya ƙare. Ki nemo wanda kika yarda da shi, in koya masa. Yau dai ke za ki kai mu gida."

Ta karɓi makullin. Ba ta ce masa ya sake tunani ba, ya kuma gode mata a ransa, ko da yake ya so ta ce.

Ya zagaya ɗaya ƙofar ya shiga da ƙyar. Tun kafin su fita daga fili ya gaya mata ta yi kwana da faɗi, ta rage wuta, ta bar hawa kan kuloci. Ta ce to, to, to. Da suka hau titi ya ga daga inda yake zaune ba ya hango komai a baya, wuyansa kuma ba ya juyawa. Ya sauke gilashi, ya miƙa hannu ya karkato madubin gefen dama zuwa kansa, har shuɗin motar ya shigo ciki. Ya sauke ajiyar zuciya.

Suka yi tafiya kaɗan a haka.

"Kawu," in ji Griselda a hankali, idonta a kan titi, "ina bukatar madubin nan."

Ya mayar mata da shi yadda yake. Ya ɗora hannayensa biyu a kan gwiwa, daga nan har Villa Ermelinda bai sake ganin motar ba.